AWON KARKATA DA DAIDAITA SAITI A NA'URAR HOTON YANKA-YANKA TA HASKEN EKSIRE

1.0 GABATARWA

Tun daga shekarar 1895, sa'ad da Wilhelm Röntgen na ƙasar Jamus ya gano hasken nan mai ratsa jiki wanda ake kira eksire, likitoci suka sami hanyar leƙa cikin mutum ba tare da an tsaga shi ba. Sai dai hoton eksire inuwa ce kawai. Abin da ke gaba da abin da ke baya duk wuri guda sukan taru, ƙashi ya rufe tsoka, tsoka ta rufe ƙari. Maganin wannan ya zo ne da na'urar da ake kira siti, wadda takan ɗauki inuwar abu ta kusurwoyi masu yawa, sa'an nan kwamfuta ta haɗa inuwoyin ta fitar da hoton cikin abin yanki-yanki, kamar an yayyanka burodi. Dalili ke nan da ya sa aka kira ta na'urar hoton yanka-yanka a wannan maƙala.

Akwai wani rauni da ke tattare da wannan hikima. Kwamfutar da ke haɗa hoton ba ta ganin na'urar. Lambobin da aka ba ta game da mazaunin kowane sashe, su take gaskatawa, su take aiki da su. Idan lambobin sun saɓa wa yadda sassan suke a zahiri, hoton zai fito da ƙarya, wani lokaci ƙaryar da ido ba ya iya kamawa. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana ire-iren wannan saɓani, da illar kowane, da yadda ake auna shi, da kuma yadda ake gyara shi.

2.0 TARIHI A TAƘAICE

Lissafin da aka gina na'urar a kansa ya girme ta da shekaru fiye da hamsin. A 1917 Johann Radon, masanin lissafi ɗan ƙasar Ostiriya, ya nuna cewa ana iya gano abin da ke cikin wani fili in an san jimillar abin da ke kan kowane miƙaƙƙen layi da ya ratsa filin. Allan Cormack, haifaffen Afirka ta Kudu, ya sake warware matsalar don amfanin likitoci a maƙalu biyu da ya buga a 1963 da 1964. Godfrey Hounsfield na kamfanin EMI a Ingila shi ya ƙera na'urar da aka fara ɗaukar hoton kan majiyyaci da ita, a asibitin Atkinson Morley na birnin Landan, cikin watan Oktoba 1971. Cormack da Hounsfield suka raba kyautar Nobel ta fannin likitanci a 1979.

A 1984 wasu ma'aikatan bincike uku na kamfanin motoci na Ford a Amurka, watau Feldkamp da Davis da Kress, suka fito da hanyar lissafi ta haɗa hoto daga haske mai buɗewa kamar mazurari. Wannan hanya ita ce mafi yawan na'urorin masana'antu suke bi har yau. Daga wajen 2005 kuwa aka fara ƙera na'urori musamman don awon tsawo da fāɗi na kayan ƙira, musamman sassan ciki waɗanda ma'auni ba ya iya kaiwa gare su. Tun daga nan sha'anin saiti ya ƙara nauyi, domin mai neman ganin tsaga a cikin ƙarfe yana iya haƙuri da ɗan dishi-dishi, amma mai neman sanin ko rami ya kai milimita 5 cif ba ya iyawa.

3.0 SASSAN NA'URAR DA ZAMANSU

Na'urar masana'anta tana da manyan sassa uku. Na farko fitila, wadda hasken eksire ke fitowa daga wani ɗan ɗigo a cikinta. Na biyu faifai mai juyawa, wanda ake ɗora abin da za a ɗauka a kansa. Miƙaƙƙen layin da faifan ke juyawa a kewayensa, shi ake kira layin juyi. Na uku allo, wanda ke karɓar inuwa, an kuma rarraba shi gida-gida zuwa ƙananan ƙwayoyi a jere da kuma a tsaye. A na'urar asibiti majiyyaci yakan kwanta ne, fitila da allo su zagaya shi, amma ta fuskar lissafi duk ɗaya ne.

Ana cewa na'ura tana kan saiti in ta cika sharuɗɗa huɗu. Layin da ya taso daga ɗigon fitila ya sauka a kan allo a miƙe, ba jirge, ya zamana a tsakiyar allon ya sauka. Wannan layi ya ratsa layin juyi, su yi gicciye sosai. Layin juyi ya tafi kafaɗa da kafaɗa da jerin ƙwayoyin allo na tsaye. Sa'an nan a san nisa biyu daidai: daga fitila zuwa layin juyi, da kuma daga fitila zuwa allo.

Waɗannan nisa biyu su ke ba da ninkin girma, watau yawan ninkin da inuwa ta yi wa abin da ya jefa ta. Alal misali, a ɗauka allo yana nisan milimita 1000 daga fitila, layin juyi kuwa yana nisan milimita 100. Ninki ya zama 10 ke nan. In kowace ƙwayar allo tana da fāɗin milimita 0.2, to kowane ɗan tubalin da kwamfuta za ta gina hoton da shi zai zama milimita 0.02, watau maikiromita 20, domin maikiromita 1000 ke yin milimita guda. Da wannan misali za a ci gaba da aiki har ƙarshen maƙalar.

Tun da dangantakar sassan da junansu ita ce abin kula, masana sukan kafa ma'auninsu a kan ɗigon fitila da layin juyi, su ɗora sauran saɓanin a kan allo. Ta haka lambobi bakwai sun isa su bayyana zaman na'urar: uku na mazaunin allo (hagu ko dama, sama ko ƙasa, gaba ko baya), uku na karkatarsa, da kuma ɗaya na nisan layin juyi daga fitila.

4.0 IRE-IREN SAƁANI DA ILLOLINSU

4.1 Kuskuren nisa. A ce layin juyi yana nisan milimita 100.1 a zahiri, alhali an gaya wa kwamfuta 100. Ninki na gaskiya ya zama 9.99. Sanda mai tsawon milimita 30 za ta jefa inuwa mai tsawon 299.7, kwamfuta ta raba da 10, ta ba da rahoton 29.97. An tauye sandar da maikiromita 30 ke nan. Hoton kansa zai fito tangaran, ba dishi-dishi ko kaɗan, saboda haka mai dubawa ba shi da dalilin zargi. In ƙa'idar ƙirar ta yarda da kuskuren maikiromita 20 kawai, za a watsar da kaya mai kyau, ko kuma a karɓi wanda ya wuce ƙima a aika da shi ga mai saye.

4.2 Gocewar allo hagu ko dama. Wannan shi ne saɓanin da aka fi sani. Yadda kwamfuta ke haɗa hoto shi ne, a kowace kusurwa takan ja layi daga allo ta koma da shi wajen fitila, ta bi hanyar da hasken ya biyo. In saiti daidai ne, dukkan layukan da suka shafi ɗigo guda na cikin abin za su haɗu a wuri guda. In kuwa inuwar layin juyi ta goce da ƙwayoyi biyu daga inda ake zato, kowane layi zai kuskure mahaɗar da tubala biyu, kuma da yake kusurwa tana sauyawa, sai layukan su kewaye wurin su zana zobe. A misalin nan zoben zai kai fāɗin maikiromita 80, kusan kaurin silin gashi. Kowane baki na abin sai ya fito biyu-biyu, siririyar tsaga kuwa tana iya ɓacewa a cikin dishi-dishin. In rabin zagaye kawai aka ɗauka, watau digiri 180, rabin zobe ke fitowa, mai siffar gwafa. Shepp da Hilal da Schulz sun yi bayanin wannan aibi tun a 1979.

4.3 Murɗewar allo a fuskarsa. Wannan shi ne allo ya ɗan juya kamar hoton bango da ya jirkice a kan ƙusa. In ya juya da digiri 0.1 kacal, inuwar layin juyi za ta zauna daidai a tsakiya, amma a nisan ƙwayoyi 1000 sama za ta goce da kusan ƙwayoyi biyu ta wani ɓangare, a ƙasa kuma ta goce haka ta ɗaya ɓangaren. Alamarsa ita ce yankan tsakiya ya fito sarai, na sama da na ƙasa su yi ta ƙara lalacewa gwargwadon nisansu daga tsakiya. Wanda ya duba yankan tsakiya kaɗai ya gamsu, ya ruɗi kansa.

4.4 Jirgewar allo gefe guda. A nan gefen dama na allo ya fi kusa da fitila bisa ga na hagu, ko akasin haka. Ɗigo guda na cikin abin yakan bayyana a dama, bayan rabin zagaye ya bayyana a hagu, kowane da ninkinsa dabam. Inuwoyin biyu ba za su yarda da juna ba, don haka baki biyu-biyu sai su fito, musamman a sassan da ke nesa da layin juyi.

4.5 Kishingiɗar allo. Wannan shi ne kan allo ya ja baya, gindinsa ya matso. In ya kishingiɗa da digiri 1, bakinsa na sama, wanda ke nisan milimita 200 daga tsakiya, zai ja baya da wajen milimita 3.5, na ƙasa ya matso da haka. Ninki ya ƙaru a sama, ya ragu a ƙasa. Gwangwani mai fāɗin milimita 30 sai ya fito da siffar bokiti, bakinsa ya ƙaru da kimanin maikiromita 100, gindinsa ya ragu da haka. Shi ma wannan, kamar kuskuren nisa, ba ya ɓata hoto ƙwarai a ido, shi ya sa yake da wuyar ganewa.

Abin lura a nan shi ne saɓanin ya kasu gida biyu: mai tona asirin kansa ta hanyar dishi-dishi, da mai ɓoyewa a cikin kyakkyawan hoto. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a wannan fage awo ne ke korar gani.

5.0 HANYOYIN AWO

Ɗigon fitila yana cikin rufaffen bututu, fuskar allo mai karɓar haske tana bayan murfi, layin juyi kuwa ba abu ne da hannu ke taɓawa ba. Saboda haka ba a iya sa tef a auna nisansu yadda ake bukata. Dole a sa na'urar ta auna kanta ta hanyar inuwar da take jefawa.

5.1 Ɗan boris guda. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗora ɗan boris, watau ƙaramin dunƙulen ƙarfe mai santsi irin na cikin gargaren keke, a gefen faifai daidai da tsayin ɗigon fitila, a juya shi zagaye guda. Inuwarsa za ta yi ta kai da komowa tsakanin iyakar dama da iyakar hagu, inuwar layin juyi kuwa tana tsakanin iyakokin biyu. Wannan ya isa ya gyara gocewar da aka ambata a 4.2, amma bai ce kome ba game da sauran.

5.2 Zagayen ƙwai. In aka ɗaga ɗan boris sama da tsayin fitila, inuwarsa za ta zana zagaye mai siffar ƙwai a kan allo, domin ninki yakan ƙaru sa'ad da ya matso kusa da fitila, ya ragu sa'ad da ya yi nisa. Siffar zagayen da mazauninsa da jirgewarsa duk suna ɗauke da labarin zaman na'urar. A shekarar 2000 Frédéric Noo da abokan aikinsa suka nuna yadda za a fitar da lambobin saiti daga zagayen 'ya'yan boris biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, bisa sharaɗin allo bai kishingiɗa ba. A 2005 Cho da Moseley da Siewerdsen da Jaffray na birnin Toronto a Kanada suka yi amfani da 'ya'yan boris 24 da aka jera a da'ira biyu, wanda ya ba su damar gano cikakken saitin a kowace kusurwa.

Akwai sharaɗi guda da ba a tsallake shi. Ƙaramin abu kusa da fitila da babban abu nesa da ita suna iya jefa inuwa iri ɗaya. Don haka sai an san wani tsawo na gaskiya tun da farko, kamar tazarar da ke tsakanin 'ya'yan boris biyu, wadda aka auna da wani ma'auni dabam da aka riga aka tabbatar. Tazarar cibiya zuwa cibiya ake amfani da ita, domin ko an yi saɓani a kan inda bakin ɗan boris ya tsaya a hoto, cibiyarsa ba ta gusawa.

5.3 Rage bambancin inuwa. Wannan ita ce hanyar da ta fi cika. Akan kafa 'ya'yan boris masu yawa a jikin bututun da haske ke ratsawa da sauƙi, a auna mazaunin kowane da na'urar awo mai taɓawa. Sai a ɗauki inuwarsu ta kusurwoyi masu yawa, a gano cibiyar kowace inuwa. Daga nan kwamfuta ta yi hasashen lambobin saiti, ta lissafa inda inuwoyin ya kamata su faɗa in hasashen gaskiya ne, ta kwatanta da inda suka faɗa a zahiri, ta gyara hasashen, ta sake kwatantawa, har sai bambancin ya kai iyakar ƙanƙantarsa. Lambobin da ake nema 13 ne: bakwai na na'ura, shida na yadda aka ajiye bututun a kan faifai. In aka yi aiki da 'ya'yan boris 50 a kusurwoyi 720, kowace inuwa da lambobi biyu, an sami awo 72,000 ke nan don neman lambobi 13, kuma wannan yawa shi ke danne kurakuran awo na ɗaiɗai. Massimiliano Ferrucci da abokan aikinsa sun yi bitar waɗannan hanyoyi a 2015, kāna suka gwada wannan hanya a ayyukan da suka buga daga baya.

Hanyar tana da tarkonta. Wasu lambobin sukan ɓoye a bayan juna: in aka ƙara nisan allo da nisan layin juyi gwargwado ɗaya, ninki ba ya sauyawa, inuwoyin ma da ƙyar suke sauyawa. Maganinsa shi ne a baza 'ya'yan boris su cika allo har gefensa. Har wa yau, inuwar ɗan boris da ke gefe ba da'ira ce cikakkiya ba, kuma tsakiyarta ba daidai take da inuwar cibiyarsa ba, don haka sai an yi ɗan gyara a lissafi.

5.4 Awo daga hoton kansa. Akwai hanyoyin da ba su bukatar 'ya'yan boris. Kwamfuta takan haɗa hoton da lambobi dabam-dabam, ta zaɓi waɗanda suka ba da hoto mafi kaifi, kamar yadda mai ɗaukar hoto ke murɗa gilashin kyamara har fuska ta fito. Andrew Kingston da abokan aikinsa a Ostareliya sun bayyana irin wannan hanya a 2011. Amfaninta shi ne tana auna na'urar a daidai lokacin aikin. Iyakarta kuwa a fili take daga abin da ya gabata: saɓanin da ba ya haifar da dishi-dishi, kamar kuskuren nisa, ba ta iya kama shi.

6.0 HANYOYIN GYARA

Bayan an san lambobin, gyara iri uku ne. Na farko gyaran hannu, watau a kwance allo ko faifai a gusa shi, a ɗaure, a sake awo, a maimaita har ya zauna. Na biyu shi ne a bar na'urar yadda take, kwamfuta ta sake zana kowace inuwa kamar a kan daidaitaccen allo ta faɗa. Wannan yana da sauƙi, amma sake zanen yakan rage kaifin hoto kaɗan, domin ana cakuɗa ƙwayoyi maƙwabta. Na uku shi ne a ba lissafin haɗa hoto lambobin gaskiya kai tsaye, ya ja layukansa ta hanyar da hasken ya bi a zahiri. Kowace kusurwa ana iya ba ta jadawalinta mai lambobi 12, jeri uku gida huɗu, wanda ke faɗin inda kowane ɗigo zai faɗa a kan allo.

Hanya ta uku ita ta fi dacewa da na'urorin asibiti masu hannu mai zagaya majiyyaci, kamar na ɗakin tiyata da waɗanda ke haɗe da injin gashin ciwon daji. Nauyin fitila da allo yakan lanƙwasa hannun, lanƙwasar kuma tana sauyawa da kusurwa. Da yake iri ɗaya take maimaituwa a kowane zagaye, akan auna ta a ajiye, a riƙa cire ta. A nan abin da ke kan sikeli ya wuce kayan ƙira, domin da wannan hoto ake daidaita kwanciyar majiyyaci kafin a saki hasken gashi a kan ƙari.

7.0 SAITIN DA BA YA ZAMA

Duk abin da aka faɗa ya ginu ne a kan zaton sassan suna tsaye cik, alhali ba haka abin yake ba. Kimanin kashi 99 cikin 100 na ƙarfin da ke shiga fitila zafi yake zama, zafin kuma yakan gusar da ɗigon haske. A ninki 10, gusawar maikiromita 5 takan motsa inuwa da maikiromita 45, ƙasa da rubu'in ƙwaya. A ninki 100 kuwa, wannan gusawa takan motsa ta da maikiromita 495, watau ƙwayoyi biyu da rabi. Ƙarfen gindin na'ura ma yana miƙewa: sandar baƙin ƙarfe mai tsawon mita guda takan ƙaru da wajen maikiromita 12 a kowane digiri na zafi, ta alminiyom da wajen 23. Shi ya sa ƙa'idar duniya ta tsayar da digiri 20 na ma'aunin Selshiyos a matsayin zafin da ake danganta awon tsawo da shi. Faifai kuma yana da tasa tangarɗar, yakan yi ɗan rawa a kan layin juyi.

Saboda haka akan kunna fitila ta ɗumama kafin a fara aiki, a tsare zafin ɗakin, a kuma sake awon ninki duk sa'ad da aka gusa faifai. Wata dabarar ita ce, bayan doguwar ɗauka a yi gajeriya ta 'yan kusurwoyi cikin hanzari, a kwatanta su da na farko, a gano yadda inuwa ta gusa a tsawon lokacin. Ƙa'idojin gwada na'ura, kamar jerin VDI/VDE 2630 na Jamus, sun tanadi a ɗauki hoton abin da aka san awonsa a wurare dabam-dabam na filin ɗauka, a ga ko sakamakon ya tsaya cikin iyakar da maƙeri ya yi alkawari.

8.0 KAMMALAWA

An ga cewa lambobi bakwai ke bayyana zaman na'urar, kuma kuskure a cikinsu ko dai ya ɓata kaifin hoto, ko ya ɓata awonsa ya bar kaifin. An ga kuma cewa hanyoyin neman kaifi suna maganin na farko kaɗai, na biyun kuwa sai da abin da aka riga aka san tsawonsa daga wani ma'auni amintacce. Don haka duk wanda aka miƙa wa sakamakon awo daga wannan na'ura, ya kamata ya yi tambaya uku kafin ya sa hannu: yaushe aka auna saitinta, da wane abin awo aka auna shi, kuma an gusa faifai ko zafin ɗakin ya sauya tun daga lokacin?